Tambaya da Amsa: Haɗa Akwatin Ɗigo na Akirilik don Tankin Murjani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar rubuta alluna ne a Nima, kuma ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200 a falona, da kifaye kaɗan da murjani masu tauri waɗanda na saya a wurin wani mai shigo da su. Da farko suna girma, amma yanzu sun tsaya cak, wasu ma sun fara yin fari. An ce mini kalsiyam ne ya yi ƙaranci, sai na sayi na'urar da ke zuba sinadari da kanta, ga shi kuɗinta ya fi ƙarfina. Tun da kullum ina yanka akirilik a shago, ina so in haɗa tawa da hannuna, babba mai cin lita 10, don kada in riƙa cika ta kowace rana. Wane kauri zan nema, da wane gam, kuma yaya zan yi da ita idan aka ɗauke wuta? Daga mai karatu a Nima, Akra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya haɗa ta, kuma hannun da ya saba da yankan akirilik ya riga ya gama rabin aikin. Abu ɗaya ne ba zan goyi bayanka a kai ba, wato maganar lita 10, amma dalilin ba zai fito fili ba sai mun duba abin da murjanin yake ci da abin da za a riƙa zuba masa.

Murjani mai tauri dabba ce da ke gina ƙwarangwal na dutse a ƙarƙashin jikinta, kuma kayan ginin daga cikin ruwa take ɗibar su: kalsiyam da kabonet. A teku ba sa ƙarewa, amma a cikin lita 200 raguwa suke yi kullum. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam kimanin miligiram 420 a kowace lita, magniziyam kusan 1,300, gishiri giram 35 a kowane kilo, sannan ma'aunin kabonet, wanda masu wannan kiwo ke kira alkaliniti, yana wajen 7 a awon dKH. Mutane sun fi ambaton kalsiyam domin shi ne sunan da kunne ya saba da shi, alhali alkaliniti ne ke fara faɗuwa. Duk lokacin da murjani ya cinye dKH 1, kalsiyam ɗin da ya tafi tare da shi miligiram 7 ne kawai a lita. Wato alkaliniti na iya saukowa daga 8 zuwa 5, murjani ya daina girma, kai kuwa ka auna kalsiyam ka ga bai ragu da abin da ya wuce 21 daga cikin 420 ba, ka ɗauka lafiya lau.

Kafin ka yanka ko allo ɗaya, ka tabbatar da cewa ciwon da kake shirin yi wa magani shi ne ciwon da ke akwai. Farin da ka gani ya sa ni shakka. A cikin naman murjani akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa idan haske ya sauka a kansu, kuma idan ruwa ya yi zafi korar su yake yi, sai ya koma fari. Murjani ya fi son digiri 24 zuwa 27, falon Nima kuwa a watan Fabrairu zuwa Afrilu yana haura 30 ba tare da wata wahala ba, balle a ƙara zafin fitilar tanki da na injin tura ruwa. Saboda haka ka fara da ma'aunin zafi. Idan ruwan yana taɓa 29 ko 30 da rana, ka sa fanka ta riƙa busa fuskarsa, domin babu yawan kalsiyam ɗin da zai gyara wannan. Bayan haka ka nemi kayan awon alkaliniti, ka auna kwana 3 a jere a lokaci ɗaya, misali bayan sallar la'asar, ba tare da ka zuba komai ba. Bambancin da ke tsakanin rana da rana shi ne abin da tankinka ke ci, kuma a kan wannan adadi za a gina akwatin.

Ga tanki irin naka, hanya mafi sauƙi da arha ita ce ruwan kalsiyam haidiroksaid, wanda Jamusawa ke kira Kalkwasser, mu kuma za mu kira shi ruwan kalk. Peter Wilkens ne ya yaɗa amfani da shi a tsakanin masu kiwon murjani a Turai tun shekarun 1970. Falalarsa ita ce ruwa ɗaya yana kawo kalsiyam da alkaliniti daidai gwargwadon yadda murjani ke cin su. Garin ba ya narkewa sosai: kimanin giram 1.5 ne lita ɗaya ke ɗauka, sauran ya kwanta a ƙasa. Lita ɗaya ta wannan ruwan, idan ta shiga lita 200, tana ɗaga alkaliniti da ɗan abin da ya haura rabin dKH, kalsiyam kuma da miligiram 4 a lita. Idan awonka ya nuna tankin na cin rabin dKH a rana, to lita ɗaya a rana ta ishe ka, wataƙila ma ƙasa da haka, tun da duwatsu da yashi sun cinye wani sashe na wurin ruwan.

Ga inda hatsarin yake. Ruwan kalk yana da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kaifinsa irin na kanwa, kusan 12.4, tankin murjani kuwa yana zaune ne tsakanin 8.0 da 8.4. Idan lita 2 suka kwarara gaba ɗaya cikin lita 200, pH zai tashi da kusan rabin maki, dabbobin su ji jiki amma galibi su tsira. Idan lita 10 ne suka kwarara, pH zai wuce 9, ruwan ya koma fari kamar an dama alli a ciki, kuma kafin ka dawo daga masallaci abin da ka daɗe kana tattalinsa ya tafi. Kowace na'urar ɗigo tana da ranar da za ta saɓa, ko ta hannu ce ko ta kanti, domin bututu kan zame, matsewa kan saki, yaro kan murɗa abin da bai sani ba. Tambayar da ta kamata mai haɗawa ya yi wa kansa ita ce, idan duk abin da ke cikin akwatin ya zube yau, tankin zai rayu? Girman akwatin shi ne babbar kariyarka, kuma kariya ce da ba ta bukatar wuta ko batir. Wahalar cikawa kowace yamma ba ta kai ta sake sayen murjani ba. Shawarata ita ce akwati mai aikin lita 2, ka riƙa zuba masa rabon dare ɗaya kawai.

Akwatin da nake so ka haɗa yana bin wata dabara da Edme Mariotte, masanin kimiyya ɗan Faransa wanda ya rasu a 1684, ya bayyana. Matsalar kowane bokiti mai huda a ƙasa ita ce idan ya cika ruwan na fita da ƙarfi, idan ya kusa ƙarewa kuma sai ya koma tsiyaya, saboda nauyin ruwan da ke sama ya ragu. Maganin wannan shi ne a rufe akwatin ruf yadda iska ba ta da hanyar shiga sai ta wani siririn bututu da ya ratsa murfi ya sauka kusa da gindi. Yayin da ruwa ke fita, iskar da ke sama tana yin sako-sako, sai ta riƙe nauyin duk ruwan da ke saman bakin bututun, ya zama abin da ke tura ɗigon shi ne tazarar da ke tsakanin bakin bututun da inda ruwan ke fita. Wannan tazara ba ta canzawa, don haka ɗigon ma ba ya canzawa, daga cike har zuwa lokacin da ruwan ya sauko daidai bakin bututun. Idan yana aiki daidai za ka ga ƙwayar iska ɗaya ta kumbura a bakin bututun, ta saki, ta hau sama, a jima kaɗan wata ta biyo ta. Idan ruwa na fita amma ba ka ga wannan kumfa ba, akwai inda iska ke sata.

Ka nemi akirilik mai kauri milimita 6, irin wanda aka zuba a mazubi, ba wanda aka matso ta inji ba. Na zubi ya fi jure gam da huda, na matsi kuwa yana saurin narkewa a bakin zarto kuma yana yawan yin ƙananan tsage-tsage idan gam ya taɓa shi. Ka kuma yi hattara da wani allo mai arha da ake sayarwa da sunan fasfes, wato akirilik, alhali folistarin ne, wanda ke karyewa da sauri. Idan kana son cikin akwatin ya zama santimita 10 a faɗi, 10 a zurfi, 25 a tsayi, ka yanka gefe biyu 10 da 25, gefe biyu 11.2 da 25, sai gindi da murfi 11.2 da 11.2. Amma ka auna ainihin kaurin allon da ke hannunka kafin ka yi lissafi, domin na zubi kan ɗan saɓa wa abin da aka rubuta a jikinsa.

A nan ne aikin alluna da aikin riƙe ruwa suke rabuwa, kuma ina roƙon ka saurare ni ko da ka fi ni sanin zarto. A allon talla ana son baki mai sheƙi, shi ya sa ake yanka da leza ko a bi bakin da harshen wuta. A akwatin ruwa wannan sheƙin illa ne. Zafin da ya narkar da bakin yana barin tauri a ɓoye a cikin robar, kuma da zarar gam ya taɓa wurin sai ka ga ƙananan layuka farare sun bazu cikin allon. Bugu da ƙari leza tana barin baki a ɗan karkace, ba ya zama daram a kan ɗan'uwansa. Abin da ake so shi ne baki miƙaƙƙe, mai laushi, marar sheƙi. Ka yanka da zarto mai ƙananan haƙora, ka kankare sawun zarton da bayan wuƙa mai kaifin kusurwa, ko ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ka riƙa goga bakin a tsaye, kana jingina allon da katako mai daidaitacciyar kusurwa don kada bakin ya zagaye. Ka ɗora allo a kan allo ka duba ta wajen haske: idan haske na ratsawa ta tsakani, ruwa ma zai ratsa.

Huda kuwa a yi ta kafin haɗawa. Ɗaya a tsakiyar murfi, mai faɗin santimita 3, wadda toshiyar roba irin ta ɗakin gwaje-gwaje za ta zauna a ciki, kuma ta tsakiyar toshiyar ne bututun iska zai bi. Da haka toshiya ɗaya ta zama wurin cikawa, ta kuma zama mariƙin bututu. Huda ta biyu ƙarama ce a gefe, santimita 2 daga gindi, don duk abin da ya kwanta ya tsaya a ƙasa. Bakin bututun iska ya tsaya santimita 3 daga gindi. A yi hudar a hankali, da katako a bayan allon, ana ɗiga ruwa don sanyaya wurin, kuma a ɗan dakushe kaifin bakin injin hudar, domin irin na ƙarfe yana cafkar akirilik ya tsaga shi a daidai lokacin da zai fita.

Game da gam, silikon ba ya kama akirilik yadda yake kama gilashi, kuma gam mai saurin bushewa na ƙaramin bututu yana barin haɗi mai gautsi. Abin da ke aiki shi ne ruwan da ke narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya, irin su Weld-On 4 ko Acrifix, ko kulorofom ɗin da na san yawancin masu alluna suna da shi a kwalba. Ka shimfiɗa allo ɗaya a kwance, ka jera siraran allurai ko gutsattsarin siririyar waya a kan layin haɗin, ka tsayar da ɗaya allon a kansu da taimakon sikwaya, sannan ka bi layin da sirinji. Za ka ga ruwan ya ruga da kansa cikin ɗan ratar, bakin da yake dishi-dishi ya koma garau nan take. Ka ƙirga kamar daƙiƙa 30, ka zare allurai ɗaya bayan ɗaya, allon ya zauna da nauyinsa har wani ɗan danƙo ya ɓullo a gefen layin, sannan ka daidaita shi ka ƙyale shi. Haɗi mai kyau ana gani ta cikinsa kamar babu komai a wurin, duk inda ka ga fari ko kumfa kuwa nan ne bai kama ba. Ka bar kowane haɗi ya yi wasu awanni kafin ka juya akwatin, murfi ya zama na ƙarshe. Aikin ya fi kyau da sassafe, domin sinadarin da ke cikin yawancin irin wannan gam yana tafasa ne a digiri 40, kuma da tsakar ranar Akra yakan bushe kafin ya gama narkar da bakin.

Wannan ruwan gam ba abin wasa ba ne, ko da an saba da warinsa. Tururinsa yana sa jiri, yana cutar da hanta, kuma ɗaya daga cikin sinadaran, daikuloromitan, jiki yana mayar da shi iskar nan mai kisa da ke fita daga gawayin da aka kunna a rufaffen ɗaki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfani da shi a 2024. Ka yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhun gawayi da duk wata wuta, kuma kada ka ɗora wa yaran shago wannan sashe.

Bayan kwana 2 ka cika shi da ruwan famfo, ka ɗora a kan busasshiyar jarida ya kwana. Idan jaridar ta wayi gari a bushe, ka ƙara masa wasu kwanaki haɗin ya yi ƙwari, ka wanke shi da ruwa zalla. Kada ka goge shi da sifirit ko tina, suna tsattsaga akirilik.

Mafitar ruwan kuwa, babu abin da ya kai robar ƙarin ruwa ta asibiti, sabuwa daga kantin magani. Ka cire allurar ƙarfen ka yar da ita yadda ba za ta soki kowa ba, ka cusa kan robar cikin ƙaramar hudar ta hanyar zoben roba mai matsewa, idan tana da ƙofar iska a wuyanta ka rufe. Yawancinsu ɗigo 20 ne ke ba da mililita 1, kuma an rubuta a jikin ledar. Idan kana son lita 1 ta shiga cikin awa 10, mililita 100 ke nan a awa, wato ɗigo 33 a minti, kusan ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa biyu. Ka murza 'yar tayar da ke matse robar, ka riƙe agogo ka ƙirga, bayan rabin awa ka sake ƙirgawa, domin robar kan ɗan saki bayan an matse ta. Kada wani ƙarfe ya shiga wannan haɗi, musamman famfon tagulla na masu gyaran fayif, saboda ɗan kaɗan na jan ƙarfe a ruwa yana kashe murjani da jatan lande. Bakin robar ya tsaya sama da fuskar ruwan tanki, a wurin da ruwa ke gudu sosai, kuma da dare za a ɗiga, lokacin da pH ke sauka don fitila a kashe take. Sau ɗaya a mako ka ratsa robar da ruwan khal don narkar da farin da ke toshe ta. Akwatin kuma ya zauna a inuwa, domin idan rana ta buga shi iskar ciki za ta kumbura ta turo ruwa.

Kada ka dama garin a cikin akwatin. Ka samu sabuwar jarka mai murfi, ba irin rawayar nan da aka taɓa zuba man girki a ciki ba, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na gari a kowace lita 2, ka girgiza, ka rufe, ka bari ya kwanta na wasu awanni, sannan ka tsiyaye garai-garan ruwan kaɗai. Ruwan damawar ya zama tatacce. Na famfo da ke zuwa daga matatun ruwa na Weija ko Kpong an yi shi ne don sha, yana da kulorin da wasu abubuwan da tanki zai riƙa tarawa, don haka ka nemi wanda aka tace da injin RO, mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa. Ka sa tabarau lokacin ɗibar garin, idan kuma ya faɗa ido a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 a wuce asibiti.

Saura maganar ɗauke wuta. Wannan akwati ba ruwansa da dumso, kuma nan ne amfaninsa da hatsarinsa suka haɗu. Idan wuta ta tafi injin tura ruwa zai tsaya, ɗigon kuwa ba zai tsaya ba, sai ruwan kalk ya taru wuri ɗaya ya ƙona abin da ke kusa. Idan kana gida ka murza tayar ka rufe. Don daren da kake barci kuwa, ka sa ɗigon ya riƙa sauka a gaban ƙaramin injin kaɗa ruwa mai aiki da batir. A gaskiya, idan kuɗinka na abu ɗaya ne, wannan injin ya fi akwatin ɗigo muhimmanci, domin murjani zai yi kwanaki ba a ƙara masa kalsiyam ba, amma tsayayyen ruwa mai zafi yana rasa iskar shaƙa cikin 'yan awanni. Sannan idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, ruwan tanki zai riƙa ƙafewa fiye da kullum. Kada ka cike gibin da ruwan kalk. Rabonsa yana nan yadda awo ya nuna, sauran a cika da tataccen ruwa zalla.

Tambaya: Malam, maigidana yana da irin wannan tanki, kuma sinadaran da yake saya daga waje suna da tsada. Na ji an ce kanwa da farar ƙasa duk dangin abu ɗaya ne da su. Ba za a iya amfani da su ba, tare da gishirin Ada ko ruwan teku da ke kusa da mu? Daga wata mai karatu a Mamobi.

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, domin kanwa tana ɗauke da sodiyam kabonet da baikabonet, waɗanda su ne ake ɗaga alkaliniti da su. Matsalar ita ce abin da ke tare da su. Kanwa daga ƙasa ake haƙo ta, da yashi da laka da wasu gishirai, kuma dunƙulen yau ba ya zama daidai da na gobe, don haka ba a iya lissafa abin da aka zuba. A tukunya wannan ba ya hana miya daɗi, amma tanki ba ya fitar da abin da ya shiga cikinsa. Abin farin ciki shi ne tatacciyar 'yar'uwarta tana nan a kantuna da arha, wato bakin soda na abinci. A duba gwangwanin da kyau kada a ɗauko bakin foda na yin kek, wanda aka gauraya da sitaci da wasu sinadarai. Farar ƙasa ta shafe bango ma haka take: ko dai ba sinadarin ba ne sam, ko kuma shi ne amma da datti. A nemi kalsiyam haidiroksaid mai darajar abinci ko ta ɗakin gwaje-gwaje a wurin masu sayar da sinadarai.

Gishirin Songor da ke Ada ba zai yi ba, domin a wajen busar da ruwan teku yawancin kalsiyam yana fita tun da wuri, magniziyam kuma yana tafiya da ragowar ruwan da ake zubarwa, abin da ya rage kusan gishirin miya ne zalla. Ruwan bakin teku daga Jamestown zuwa Chorkor kuwa, duk wanda ya ga abin da kogin Odaw ke kwararawa cikin tafkin Korle ya san amsar. Ki kuma tuna wa Alhaji cewa gaɓar Ghana ba ta da irin waɗannan murjani masu gina tsauni a ruwa marar zurfi, saboda ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba da kuma lakar koguna, don haka duk na tankinsa shigo da su aka yi. Murjani masu tauri duka suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Ghana ke cikinta, kuma ya dace ya tambayi mai sayarwa takardar izinin fitar da su daga ƙasar da aka kawo su.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Legon. Na sayi ƙananan injinan matsa bututu, masu tura ruwa kaɗan-kaɗan, masu aiki da bolt 12, ina so in haɗa akwati ɗaya mai ɗaki uku, na kalsiyam da na soda da na magniziyam. Akwai abin da zan kiyaye? Daga ɗalibi ɗan Sabon Zango.

Amsa: Ɗana, tsarin da kake nufi shi ne wanda Hans-Werner Balling ya bayyana a Jamus a 1994, kuma ya fi ruwan kalk dacewa da tankin da murjaninsa suka yi yawa. Lissafinsa mai sauƙi ne: giram 84 na bakin soda a lita 1 a gefe guda, giram 73.5 na kalsiyam kuloraid irin wanda ake rubuta "dihydrate" a jikinsa a lita 1 a ɗaya gefen, a riƙa zuba su daidai wa daida. Mililita 71 na ruwan sodan suna ɗaga lita 200 da dKH 1. Irin wannan ƙaramin adadi ba a miƙa shi ga robar ƙarin ruwa, shi ya sa injin matsa bututu ya dace, ko kuma sirinji da hannu.

Ɗaki uku a akwati ɗaya yana da kyan gani, amma ban so shi ba. Haɗin bangon tsakiya shi ne mafi wuyar yi da mafi wuyar dubawa, kuma idan ya yi yoyo ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, sai dai ruwan kalsiyam da na soda su gauraya su zama alli, injinanka su ci gaba da zuba ruwan da ƙarfinsa ya ragu kai ba ka sani ba. Ka haɗa akwatuna uku daban ka jera su, ko ka sa bango biyu da ɗan rata a tsakani wanda za ka iya leƙawa. Waɗannan ba a rufe su ruf, a bar ƙaramar hudar iska a murfi. Su zauna ƙasa da inda bututun ke zuba, bakin bututun kuma kada ya nutse, don kada ruwa ya zuƙo kansa ta kowace fuska idan robar cikin injin ta gaji. Kada ka yarda da adadin da aka rubuta a jikin injin, ka kunna shi minti ɗaya cikin kofin awo ka ga abin da ya bayar, ka maimaita wannan duk wata. Ka raba lokacin kalsiyam da na soda da aƙalla rabin awa. Agogon kunnawa ya zama mai batir a ciki, domin irin mai juyawa yana tsayawa idan wuta ta tafi, ya dawo da lokacin da ba daidai ba. Tsarin yana barin gishiri a baya kaɗan-kaɗan, don haka ka riƙa auna gishirin tankin duk mako, idan ya haura 35 ka ɗebi kaɗan daga ruwan tankin ka maye shi da tatacce. Dokar girma kuwa ta shafe ka kamar yadda ta shafi ɗan'uwanmu na Nima, har ma ta fi, tun da ruwanka ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba: a tanki mai lita 200, rabin lita na ruwan soda da ya zube lokaci ɗaya zai ɗaga alkaliniti da dKH 7, saboda haka kada ka zuba wa akwatin sodan abin da ya wuce rabon kwana uku ko huɗu.